Zunubi da Alheri: Inda Tattaunawarmu ta Tsaya

'Yan'uwa, ga abin da na tsamo daga doguwar muhawarar da muka yi kan zunubi, alheri da yadda mutum yake samun ceto.

1. Ba wanda ya musa cewa dukan mutane sun yi zunubi (Romawa 3:23), har da masu wa'azi.

2. An yarda ceto kyauta ce daga Allah ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu (Afisawa 2:8-9). Zakka da azumi ba sa sayen sa.

3. A kan ayyuka aka fi ja-in-ja. Wasu sun riƙe Yakubu 2:26, cewa bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Wasu suka ce ayyuka 'ya'yan ceto ne, ba tushensa ba. Gardamar ta tsufa: tun 1517 Martin Luther, malamin addinin Kirista a Jamus, ya tayar da ita, sai a 1999 Katolika da Lutheran (mabiya koyarwar Luther) suka sa hannu kan matsaya guda a birnin Augsburg na Jamus. A ganina ɓangarorin biyu na muhawararmu sun fi kusa da juna fiye da yadda suke zato.

4. Wanda laifi ya dame shi, ya furta (1 Yahaya 1:9), ya mayar da haƙƙin wanda ya cuta.

5. Ko mai bi zai iya rasa ceto? Masu cewa ba zai rasa ba (Yahaya 10:28) da masu cewa zai iya rasawa (Ibraniyawa 6:4-6) ba su daidaita ba.