Waɗanda suka zauna a tsibirin Moris, yaya abin yake ga mai son zuba jari?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ina harkar yadi da atamfa a Kano. Wani abokin cinikina ya matsa min da zancen Moris, tsibirin nan na tekun Indiya da ke gabas da Madagaska. Wai haraji kaɗan ne, ba a ɗauke wuta, kuma cikin 'yan kwanaki ake yi wa kamfani rajista. Tallan duk na karanta. Ina so wanda ya zauna can ko ya yi harka da su ya faɗa min gaskiyar zama: haya, abinci, masallaci, makarantar yara, da ko akwai kasuwar da mutum zai sa dukiyarsa. Allah ya saka da alheri.

Baban Amira: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni akanta ne, ina aiki a Ebène, unguwar dogayen benaye inda bankuna da kamfanonin waje suka taru. Fara da lissafin mutane. Duk ƙasar ba su kai miliyan 1.3 ba, tsibirin kuma tsawonsa kusan kilomita 65 ne, faɗinsa 45. Birnin Kano kaɗai ya ninka su. In nufinka ka kawo kaya ka sayar wa 'yan ƙasa, kafin ka gama buɗe kwantena ta biyu ka ƙure kasuwar. Atamfa kuma ba suturarsu ba ce.

Abin da ke kawo masu kuɗi nan shi ne takarda. Mutum ya kafa uwar kamfani a Moris, harkar tana gudana a Kenya ko Mozambik ko Najeriya. Harajin kamfani kashi 15 ne cikin ɗari, babu haraji a kan ribar sayar da hannun jari, kuma tun 1994 aka cire takunkumin fitar da kuɗin waje. Wasu nau'o'in kuɗin shiga daga waje ana yafe kashi 80 na harajinsu, sai ya koma kamar kashi 3. Amma ba kyauta ba ne. Irin wannan kamfanin sai da daraktoci biyu mazauna ƙasar, da asusun banki a nan, da kamfanin da zai riƙa kula maka da takardu, wanda za ka biya da dala duk shekara ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe banki ne. A 2020 hukumar duniya mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta sa Moris a jerin ƙasashen da ake zuba wa ido, ba ta fita ba sai Oktoban 2021. Tun daga nan suka ɗaure. Na zauna da wani dattijo ɗan kasuwa, mutumin kirki, kuɗinsa halal ne tsaf. Ma'aikaciyar ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya a takardar asusunsa ta ce, wannan miliyoyin da suka shiga ranar kaza, ina rasit? Ya ce ai yaronsa ne ya kai banki daga shago. Ta rufe fayil ɗin cikin ladabi, ta ce in ya samo shaida ya dawo. Kuɗin Kwari da ake karɓa hannu da hannu, Alhaji, sai ka fara sama masa tarihi a rubuce tun daga gida.

Maman Ilham: Ni bangaren gida zan faɗa, tunda maigidan ne ke fita ni nake fama da cefane. Muna Quatre Bornes. Ta fuskar addini ba mu da kuka. Musulmi sun kai kusan kashi 17, akwai babban masallacin Juma'a a Port Louis, babban birnin ƙasar, tun shekarun 1850, unguwar Plaine Verte kuwa kiran salla ta ko'ina. Kaza da nama na halal ba wuya. Ƙaramar Salla hutun ƙasa ce, Babbar Salla ba hutu, sai mutum ya nemi izini a wurin aiki. Layya da sa ake yi, mutum bakwai su haɗa kuɗi, shanun ma ta jirgin ruwa ake kawo su daga Afirka ta Kudu, gwamnati ta ƙayyade farashin kilo. Rago irin na gida ka manta da shi.

Cefane da tsada, domin yawancin abinci shigo da shi ake yi, har shinkafa. Gero, dawa, daddawa, kuka, babu. Yarana sun koma 'yan dholl puri, wata laushin waina ce ta garin wake da ake naɗe miya a ciki, ana sayarwa a bakin titi da araha.

Abu biyu da ba a sa wa a talla. Na farko ruwa. Wuta kam tsayayya ce, amma famfo a unguwanni da yawa da awa yake zuwa, musamman in rani ya tsananta wajen ƙarshen shekara. Duk gidan da za ku kama, Alhaji, ka hau ka ga tanki da injin tura ruwa da idonka kafin ka biya. Na biyu guguwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Gargaɗinta mataki huɗu ne. In aka ce mataki na biyu an rufe makarantu, na uku kowa ya shige gida. Ranar guguwar Belal a Janairun 2024 ruwa ya riƙa jan motoci a tsakiyar Port Louis, maigidan sai dare ya iso gida a jiƙe. Sannan in kun zauna kan tudu wajen Curepipe ku zo da rigunan sanyi. Yuli da Agusta akwai sanyi da yayyafi, bango har funfuna yake yi.

Injiniya na Maraɗi: Sannunku. Ni na je duba yiwuwar kafa ƙaramar masana'antar leda da kwali. Faransancina ya yi min rana, gaskiya. Takardun gwamnati da Turanci suke, amma jarida da hira da ciniki Faransanci ne da Kiriyol, harshen 'yan ƙasar. Ɗan Najeriya zai yi harkarsa, sai dai a kasuwa zai riƙa jin ana magana ta kansa.

Abin da ya kashe min jiki ma'aikata ne. Babu su. 'Yan ƙasa sun yi karatu, ba sa son tsayuwa gaban inji, shi ya sa masaƙu da wuraren gini cike suke da 'yan Bangladesh da Indiya da Nepal da Madagaska. Kai za ka nemo musu izini, ka ba su masauki. Mafi ƙarancin albashi ya koma rupin Moris 16,500 a Janairun 2024, ga albashin wata na goma sha uku da doka ta wajabta a Disamba. Kayan aiki kuma duk ta teku. Manyan masaƙunsu da kansu sun kai wani sashe na ɗinkinsu Madagaska saboda araha. Da na ga haka na naɗe takarduna.

Hajiya Mai Kwangila: Malam Baban Amira da Injiniya, kun faɗi gaskiya amma kun karkata gefe guda. Ni ina da kamfani a can kuma ban yi nadama ba. Ina kai kayan asibiti gabashin Afirka, Moris kuma tana cikin ƙungiyoyin tattalin arzikin ƙasashen kudanci da gabashin Afirka, SADC da COMESA, tana da yarjejeniyar ciniki da Sin da Indiya tun 2021. In na aika takardar farashi da adireshin can, Bature ba ya yi min dogon bincike. Shari'ar kasuwanci in ta yi tsanani, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Landan ake yi, wannan yana kwantar wa abokan hulɗa hankali. A zaɓen Nuwamban 2024 'yan adawa ƙarƙashin Navin Ramgoolam suka cinye kujeru 60 cikin 62, mai mulki ya sauka, washegari kowa ya tafi aikinsa. Kukana ɗaya, akwai lokacin da na jira dala a banki har mai kayana ya fara kira, duk da cewa doka ba ta hana fitar da kuɗi ba.

Ɗan Kwari: Madalla, na ƙaru. To Hajiya, in mutum yana son zama da iyali fa? Ana iya sayen fili a yi gini?

Hajiya Mai Kwangila: Fili yadda ka ga dama, a'a. Baƙo yana saye ne a cikin rukunin gidajen da gwamnati ta amince da su, kuma gidan da ya kai dala 375,000 shi ke ba da izinin zama. Wajen Grand Baie da Tamarin suka fi yawa, inda Faransawa da 'yan Afirka ta Kudu suka tada farashi. Ni haya nake kamawa in na je.

Baban Amira: Akwai kuma izinin mai zuba jari ta hannun EDB, hukumar bunƙasa tattalin arzikin ƙasar. Lokacin da na cika wa wani, dala 50,000 ake fara turowa, sannan dole cinikin kamfanin ya kai wani adadi a shekarun da ke biye, in ba haka ba a janye. Sharuɗɗan suna motsi da kasafin kuɗin watan Yuni, don haka ka duba na bana. Makarantar gwamnati da asibitinta kyauta ne ga 'yan ƙasa, amma yawancin baƙi masu iyali na kuɗi suke kai yara, ka sa wannan a lissafi.

Auta ɗalibi: Baba Alhaji, nawa kaɗan ne. Babu jirgi kai tsaye daga gida, sai ta Nairobi ko Dubai ko Johannesburg. A filin jirgi fasfonmu yana shan tambaya, ka riƙe tikitin komawa da takardar masauki a hannu, kada su kasance cikin waya kawai. Kada ka karɓar wa kowa saƙo, ko ƙullin yaji ne, dokar ƙwaya a nan ba ta da wasa. Tuƙi ta hagu ake yi. Jirgin ƙasa na cikin gari yana zirga-zirga daga Port Louis zuwa Curepipe, ya fi shiga cunkoson safe. Shaguna da wuri suke rufewa, Lahadi da rana kuwa ko kwan fitila ne ya mutu sai Litinin. In za ka zo dubawa ka zo a Janairu ko Fabrairu, lokacin zafi da ruwa, ka kama ɗaki a Rose Hill maimakon otal na bakin teku.