Tambaya kan shekarun dutsen Kufena

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. An ce mana giranait ɗin Kufena a Zariya ya kai kusan shekara miliyan 600. Ta yaya ake gano wannan?

Malamin duwatsu: Wa alaikumus salam. Zirkon ake nema, wato wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ke cikin dutsen. Lokacin da narkakken dutsen ke daskarewa, zirkon kan karɓi yuraniyam amma ya ƙi dalma, don haka dalmar da aka samu cikinsa daga ruɓewar yuraniyam ta fito. Rabin yuraniyam nau'in U-238 kan koma dalma nau'in Pb-206 cikin shekara biliyan 4.47, don haka auna yawan kowannensu ke ba da shekarun. Fasa dutsen ka ɗebo kilo 3 zuwa 5 daga ciki, ban da ɓawon da ruwa ya ci. A niƙa, a tankaɗe, a wanke a kasko kamar masu neman kuza, a cire baƙin ƙarfe da maganaɗisu, sannan a tsinci ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Hajiya Injiniya: Malam, a ƙara da wannan: wata ƙwayar tana da tsohuwar cibiya da ta gado daga dutsen da narkakken dutsen ya ratsa. In hasken leza da ake harba wa ƙwayar don aunawa ya sauka can, sai a samu shekarun da suka zarce na giranait ɗin. A gefen ƙwayar ake harbawa.

Ɗalibi: To K-Ar, wato auna potasiyam da argon, fa? Ya fi araha.

Malamin duwatsu: Biyotait, ma'adinin da ake aunawa a wannan hanyar, na zubar da iskar argon har sai zafi ya sauka kusan digiri 300. Lokacin hucewa zai ba ka, ɗana, ba na daskarewa ba.