Tambaya: baƙin mai ya ƙi fita daga rigar tseren mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan rigar direban tsere mai haɗe da wando, ta zaren Nomex (zare mai jure wa wuta), mai tambarin FIA 8856-2018 (ƙa'idar kayan kariya daga wuta ta hukumar tseren motoci ta duniya). Baƙin man inji ya ɓata gwiwarta ta hagu, faɗin tafin hannu.

An zuge zif, an juya ta bai-bai, an wanke da hannu a ruwa mai ɗumin digiri 30 da sabulun ruwa marar ƙarfi, aka shanya a inuwa saboda ranar Kano tana cin wannan zare. Ba a sa bilic ba, domin yana raunana zaren. Ba a sa maganin laushin tufafi ba, shi ma yana barin maiƙon da wuta ke kamawa. Duk da haka tabon yana nan, in ka shafa yatsa sai ka ji santsi. Abin da ke damuna ke nan, tunda Nomex ba ya hana man da ya jiƙa shi ci da wuta.

Shin sabulun wanke kwanuka zai cire maiƙon ba tare da illa ba? Ko ruwan burtsatse ne ke hana sabulun aiki? In kuwa sai an kai wa masu wankin sinadari, wane sinadari zan ce kada su taɓa sawa? Allah Ya saka da alheri.