Tsuntsun da ke kan tutar Gwatamala: me za mu kira shi da Hausa?

Malamar firamare, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koya wa 'yan aji biyar tutocin ƙasashe, jiya muka zo kan ta Gwatamala, wadda ke maƙwabtaka da Meziko. A tsakiyar tutar akwai wani koren tsuntsu mai dogon gashi, ya sauka kan takardar da aka rubuta ranar 'yancinsu, 15 ga Satumba 1821. Sunansa a rubuce quetzal. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da Hausa fa?" Na ce ta bari sai Litinin. Ba na son in koma musu da sunan da zan zo ina warwarewa daga baya. A taimaka mini.

Ɗalibi, Kano:
Wa alaikumus salam, Anti. Na duba hotonsa. Ni dai a ce dawisun Amurka a huta. Ga kyau, ga dogon bindi, yara za su gane nan take.

Tsohon malamin ilimin halittu, Jos:
Ɗana, ka hango wani abu na gaskiya ba tare da ka sani ba. Dogon gashin nan da ke bin namijin a baya ba shi ne bindin ba, gashin gadon baya ne da ya tsiro ya rufe bindin ya zarce, wani har ya doshi mita guda. Dawisu ma haka nasa yake. To amma kamar tasu a nan ta tsaya. Dawisu dangin kaji ne, a ƙasa yake kiwo. Wannan kuwa jikinsa bai wuce na tattabara ba sosai, kuma rayuwarsa a saman itatuwa take, cikin kurmin da ke kan manyan duwatsu inda gajimare ke sauka ya lulluɓe daji kusan kullum, daga kudancin Meziko har yammacin Panama. Bayansa kore shar mai walƙiya, ƙirji da ciki ja jawur, ƙarƙashin bindi fari. Idan muka ce dawisu, yaron da ya ji zai ɗauka wani ƙaton tsuntsu ne mai baza fiffike a tsakar gidan sarki, mun koya masa kuskure ke nan tun daga suna.

Wani ɗan'uwa, Damagaram:
Malam, to zalaidu fa? Shi ma namijin ne ke jan dogon gashi, tamatar ba ta da shi. Zalaidun kurmi, ko zalaidun Amurka.

Tsohon malamin ilimin halittu, Jos:
Ya fi dawisu kusa a ido, amma halinsu ya yi hannun riga. Zalaidu tsabar ciyawa yake ci, kuma a sheƙar wasu tsuntsaye yake zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe su yi masa reno. Shi kuwa wannan, namiji da mace tare suke rarake kogo a jikin ruɓaɓɓen itace, ta saka ƙwai biyu masu ruwan bula, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 18: shi da rana, ita da dare. Idan namijin ya shiga kogon, gashin nan ba ya shigewa duka, sai ya tanƙwaro ta kan bayansa ya leƙo waje, iska na kaɗa shi kamar ganye. Uban da ke wannan hidimar bai cancanci a laƙa masa sunan mai yar da 'ya'ya ba.

Malamin Hausa, Katsina:
Na bi bayanan nan duka, ga nawa ra'ayi. Ba kowane baƙo ake raɗa wa sabon suna ba. Dawisu kansa daga Larabci muka aro, alhudahuda ma haka, yau babu mai jin su a matsayin baƙi. Tsuntsun da babu shi a ƙasarmu, kuma masu shi sun riga sun ba shi suna, abin da ya kamata shi ne mu karɓi sunan mu gyara masa zama a bakinmu.

Gyaran kuwa ba wuya. Na farko, kada harafin q ya ruɗe mu mu ce "kwe". Masu ƙasar "ke" suke cewa. Na biyu, tz ɗin nan muna da abin da ya fi kusa da shi, wato ts na tsuntsu da tsamiya. Namu ya ɗan fi ƙarfi, amma ba ya ɓata komai. Na uku, Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muka ce asibiti, muka ce burodi. Saboda haka: ketsali.

Ga abin da ya sa na tsaya a kan wannan. Sifaniyawa ne suka guntule kalmar. Asalinta daga harshen Nahuwatal ne, na mutanen Aztek, tsofaffin mazauna Meziko, kuma a can quetzalli take, ma'anarta dogon gashin tsuntsu mai daraja. Ke nan wasalin da bakinmu ya ƙara shi ne wanda aka cire mata tun farko. Jam'i kuma ketsaloli. Namiji ne a nahawu, sai a ce macen ketsali idan ita ake nufi.

Malamar firamare, Zariya:
Allah ya saka, Malam. Na faɗa a fili sau uku, bai maƙale mini ba. Amma na ga kuɗin ƙasar ma sunan ke nan. A raba su?

Malamin Hausa, Katsina:
A'a, Malama, a bar su tare, don da gangan suka yi. Tun 1925 suke kiran kuɗinsu da sunan tsuntsun, saboda a zamanin Maya, mutanen yankin na asali, da Aztek gashinsa dukiya ne, sarakuna da manya ke ado da shi. Ana ba da labarin cewa kama shi ake yi a fizgi dogon gashin a sake shi, kashe shi babban laifi ne. Ketsali goma a aljihu, ketsali biyu a kan reshe, jimla za ta bambance.

Tsohon malamin ilimin halittu, Jos:
Na yarda da ketsali. Malama, ki ƙara wa yaran abu guda, don shi ya fi damuna. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa shi cikin tsuntsayen da suka kusa shiga haɗari, kuma dalilin a bayyane yake idan aka dubi cinsa da kwanansa. Babban abincinsa 'ya'yan wata fiyar daji ce ƙanana, dangin fiyar da ake kawo mana daga Mambila. Haɗiye ta yake yi ɗungurungum, naman ya narke, bayan ɗan lokaci ya amayar da ƙwallon a wani wuri, a nan sabon itace ke tsirowa. Shi ne mai shuka dajin da ke ciyar da shi. Bakinsa kuma ba shi da ƙarfin na maƙwaƙwafi, ba ya iya huda ɗanyen itace, dole sai mataccen da ya ruɓe yana tsaye. Irin itacen nan shi mai neman makamashi ke fara sarewa, yana ganin ba shi da sauran amfani. Ga kuma share daji don gonakin kofi da makiyaya. Akwai wuraren da aka keɓe masa, kamar Monteverde a Kosta Rika da wani gandu a lardin Baja Verapaz na Gwatamala, har ana kafa masa akwatunan sheƙa. Sai dai bayan ƙyanƙyasa yakan gangaro ƙasa bin 'ya'yan itace, ya fita daga iyakar da aka kare, can kuma dajin ya riga ya zama tsibiri-tsibiri.

Ma'aikacin gandun daji, Gembu:
Baba, ku ba ni dama. Ketsali na can, amma danginsa na nan gida. Zuriyar da ake kira trogon tana da iri uku a Afirka, kuma ana samun su a dazuzzukan Nijeriya da Kamaru, ɗaya ma a kurmin kan duwatsun iyakarmu yake. Ni na taɓa ganin wanda ake kira Narina. Kukansa na fara ji, ƙasa-ƙasa, biyu-biyu, kamar na kurciya daga nesa. Na fi minti ashirin ina ɗaga kai ban ga komai ba, ashe yana kan reshe a gabana, ya ba ni baya, korensa ya saje da ganye. Sai da ya ɗan karkata na ga jan cikin kamar an kunna wuta. Ɗabi'arsa ce, idan ya lura da mutum sai ya juya ya ɓoye jan. Wannan tunda namu ne, ina ganin bai kamata mu ara ba.

Malamin Hausa, Katsina:
Gaskiyarka, kuma ka riga ka raɗa masa suna a cikin labarinka: juya-baya. Ginin Hausa ne tsantsa, kamar faɗi-tashi da tattaɓa-kunne. Ya ma fi na Turawa dacewa, don trogon daga Girkanci yake, ma'anarsa mai gaigaya, saboda rarake itacen da suke yi don sheƙa, alhali na Afirka kogon da suka tarar suke shiga. Sharaɗi ɗaya: ka fara tambayar mafarauta da Fulanin da ke kiwo a gefen kurmin. Idan suna da sunan da suka gada, nasu ke gaba da namu.

Ma'aikacin gandun daji, Gembu:
To Malam. Ranar kasuwa zan tafi da hoton a waya in nuna wa dattawa.

Malamar firamare, Zariya:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwa. Ranar Litinin zan rubuta a allo: ketsali, jam'i ketsaloli, tsuntsun Gwatamala kuma sunan kuɗinsu. Zan sayi fiya guda in tsaga a gabansu su ga ƙwallon. Juya-baya kuma zan jira saƙo daga Gembu.