Amosani da zubewar gashi: abin da muka tsinta a hirar Samaru

Wani ɗalibi ne ya cire hularsa a majalisarmu ta Samarun Zariya, ya karkaɗe kafaɗa, sai ga farin gari kamar dusa. Nan hira ta ɓarke. Ga abin da na riƙe, yawanci daga bakin wani mai harhaɗa magunguna da ke cikinmu.

Ya ce amosani ba ƙazanta ba ne. Wani naman gwari ne mai suna Malassezia da ke cin maiƙon fatar kai, shi ya sa lafta man kaɗanya kan ƙara rura shi. Wannan ya ba da yawanmu kunya. Magani: sabulun wanke kai mai ketoconazole, sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye, har mako 4.

Zubewar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wanda ya yi taifot, ko mace bayan haihuwa, kan ga gashi na zuba bayan wata 2 ko 3, kuma yakan dawo. Ƙarancin jini ma na jawo shi. 'Yan mata su rage kitso mai tsauri, don yana cinye gaban goshi.

Sanƙon gado kuwa, maganin shafawa mai suna minoxidil na taimakawa, amma sai an yi wata 3 zuwa 6, in an daina kuma sanƙon ya dawo.

In ka ga tabo zagayayye mai ƙaiƙayi, makero ne mai yiwuwa: ka sayi kilifar aski ta kanka, ka nufi likitan fata a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.