Wace eriya ce ta dace da motar da ke shiga daji? Tambaya ga masu rediyon sha'awa

Manomin Haɗeja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina yi wa dattawan wannan zaure da sauran 'yan'uwa barka da war haka. Ban daɗe da samun lasisin rediyon sha'awa ba, wato izinin yin magana da sauran masu rediyo ta iska don sha'awa kawai, kuma abin da na fara saye shi ne rediyon mota mai wat 50 da ke aiki a zangon mita 2 da na santimita 70 (zango a nan shi ne tsawon igiyar saƙon rediyo), tare da eriya mai gindin maganaɗisu wadda tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya. Motata Hilux ce mai buɗaɗɗen baya, kuma da yake akwai kariyar ƙarfe a rufinta da nake ɗaura kaya, sai na manna eriyar a gefen bonet, daf da gilashin gaba.

A cikin Kano ina magana da wani abokina da ya kafa eriyarsa a kan bene ba tare da wata matsala ba, amma da zarar na wuce Gezawa sai muryarsa ta fara yankewa, jim kaɗan kuma ta ɓace. Na aro na'urar awon SWR, wato awon dacewar eriya da rediyo, ta nuna mini 2.5, ga kuma wani kuka mai kama da fito da ke ƙaruwa duk sa'ad da na taka totur. Gonarmu tana wajen Haɗeja, fiye da kilomita 150 daga Kano, kuma akwai kwarin da layin waya ba ya kamawa. Shin in nemi eriya mafi tsawo ne, ko in sayi na'urar ƙara ƙarfi? Kuma ko zai yiwu in yi magana da Kano daga gonar?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye kuɗinka tukuna, domin ba ƙarfi ne ya yi maka kaɗan ba. Sandar da ka manna rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin kuwa jikin motar ne, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Idan ka ajiye ta a bakin bonet, ta wani gefen akwai ƙarfe, ta ɗayan babu, ga ginshiƙin gilashi da rufin mota sun tsaya mata a kafaɗa suna tare mata hanya. Wannan kaɗai ya isa ya kai awonka 2.5. Ma'anar wannan adadi ita ce wani kaso na ƙarfin da rediyon ya tura yana dawowa gida ta cikin kebul, kuma yawancin rediyoyin zamani suna rage ƙarfin kansu idan awon ya haura 2, don kada su ƙone. Abin da ake nema shi ne 1.5 ko ƙasa da haka.

Tsakiyar rufi ita ce wurin da ya fi kowane. A zangon mita 2, wanda a yankinmu na Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, sanda mai rubu'in zango ba ta wuce santimita 49 ba, kuma na sha ganin wannan 'yar guntuwar a tsakiyar rufi ta kayar da doguwar eriya mai tsada da aka rataye a bamba. Mai tsawon biyar bisa takwas na zango, kimanin mita ɗaya da santimita 20, tana kwantar da saƙo ya bi ƙasa maimakon ya tashi sama, saboda haka ta dace da fili irin na Jigawa. Ni shawarata ita ce ka cire kariyar, ka huda rufin ka sa gindin eriya na dindindin irin wanda ake kira NMO. Hudar milimita 19 ce, kuma idan an ɗaure ta da robarta, ko ruwan watan Agusta ba ya shiga.

Game da Haɗeja kuwa, ba zan ɓoye maka ba: a wannan zango ba za ka kai ba. Saƙon VHF, wato irin na zangon mita 2, yana tafiya ne kusan iya inda ido zai hango, kuma doron ƙasa a lanƙwashe yake. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana hango kimanin kilomita 6, ta abokinka idan tana mita 15 tana hango kimanin 16, jimla 22. Da wat 50 da kyakkyawar eriya za ka zarce wannan, wataƙila ka ninka shi, amma daga nan sai dai idan akwai na'urar maimaita saƙo a kan doguwar hasumiya ko dutse, irin waɗannan kuwa ba su da yawa a ƙasashenmu. Ko ka mai da wat 50 ya zama 100, ɗan motsi kaɗan allurar awon ƙarfin saƙo a rediyon abokinka za ta yi.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaida Baba Injiniya, kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Zan ɗora ne a kan tambaya ta biyu, domin na yi shekaru ina ɗaura wa motocin wata ƙungiyar agaji rediyo. Duk wanda ya taɓa ganin fararen Land Cruiser a Difa ko Agadas ko Maiduguri ya lura da ƙatuwar eriyar da ke kan bambar gaba, mai kaurin gindi kamar taɓarya. Yawancinsu na kamfanin Codan ne na ƙasar Ostareliya. Ba a kan mitocin masu sha'awa suke aiki ba, suna da nasu izinin, amma ilimin ɗaya ne: gajeren zango ne, irin wanda iyayenmu suka saba kamo tashoshin ƙetare da shi, wanda ke tashi sama ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da caji, sannan ya dawo ƙasa.

Wahalar gajeren zango a mota ita ce tsawo. Rubu'in zangon mita 20 ya kai mita 5, na mita 40 ya kai mita 10, babu kuma motar da za ta yi yawo da irin wannan gora. Shi ya sa ake gajarta sandar a cike giɓin da naɗin waya. A cikin kaurin gindin nan da na ambata akwai abin da ke daidaita naɗin da kansa, haka ma eriyar ATAS-120A ta kamfanin Yaesu, wadda ƙaramin inji ke tsawaita ta ko ya gajarta ta. Sai dai gajartawar ba kyauta ba ce, domin a mita 80 kaso kaɗan ne cikin ɗari na ƙarfin ke fita, sauran ya ƙare a ɗumama naɗi da ƙasa.

Ga kuma abin da ke ba sababbin shiga mamaki. Miƙaƙƙiyar sanda tana harba saƙo a kwance, sai ya yi tsalle mai nisa, ta yadda da la'asar za ka iya yin hira da mutumin Italiya a mita 20 alhali Kano ba ta ji ko tarinka ba. Tazarar da kake nema ta faɗo a tsakiya: ta yi wa saƙon da ke bin ƙasa nisa, ta yi wa mai tsalle kusa. Maganinta shi ne a harba saƙon tsaye, ya dawo kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ya sauka a kewayen kilomita ɗari uku zuwa huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa muke lanƙwaso sandar mu ɗaure bakinta a bayan mota, ba don ado ba. Mita 40 ake amfani da shi da rana, mita 80 da dare.

Amma tunda a gona tsayawa kake yi, me zai sa ka wahala? Ka sa rediyon gajeren zango a mota, ka ajiye naɗin waya a bayan kujera, idan ka isa ka shimfiɗa ta tsakanin bishiyoyi biyu, mita uku zuwa biyar daga ƙasa. Wannan wayar ta fi kowace sandar mota a wannan aiki, kuɗinta kuma bai kai na cika tanki ba.

Hattara biyu. Idan ana magana da wat 100, gindin sandar da naɗinta suna ɗaukar wuta mai ƙuna, yaran ƙauye kuma ba sa ganin mota su ƙyale ta. Sannan lasisinka mai lambar kira da ke farawa da 5N na Najeriya ne, namu na Nijar da 5U yake farawa, kuma wanda zai tsallaka iyaka da rediyo sai ya nemi izinin ƙasar da zai shiga.

Riwaya na Sabon Gari ya amsa:

Baba Injiniya ya yi mini afuwa, ban goyi bayan huda rufin ba. Manomi ba zai rabu da kariyarsa ba, kuma ranar da zai sayar da motar, dillalai za su sa yatsa a wannan hudar su zabge masa kuɗi. Akwai eriya mai rabin zango, tsawonta wajen mita ɗaya, wadda ba ta dogara da shimfiɗar ƙarfe a ƙarƙashinta ba. A ɗaure ta da maƙali a saman kariyar, inda ta fi komai tudu, a sa mata gindi mai karyewa saboda rassan bishiya da wayoyin lantarkin da suka sauko a cikin unguwanni.

Kukan totur kuwa sana'ata ce. Malam, ka kwance kebul ɗin eriya daga bayan rediyon alhali injin yana aiki. Idan kukan bai tafi ba, ta wayar wuta yake shigowa, kuma altaneta ce ke yin sa. Ina kyautata zaton a soket ɗin kunna sigari ka jona. Rediyo mai wat 50 yana jan amfiya goma ko fiye, mai wat 100 yana jan sama da ashirin, don haka sai an ja masa waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa fis daf da kan batirin. Ka kuma sani cewa bodin Hilux a kan robobi yake zaune, bayanta daban, gidan direba daban. Sai an haɗa su da shasi da saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe mai faɗi, haka bonet da salansa, a kankare fenti har ƙarfe ya fito, bayan an ɗaure a shafa giris saboda tsatsa. Wannan ya fi muhimmanci idan ka koma gajeren zango.

Ka duba kebul ɗin ma. An taɓa kawo mini wata mota da mai ita ya canza eriya sau biyu, ashe ƙofa ce ta daɗe tana matse kebul ɗin har ya baje kamar ƙosai, wayar ciki ta kusa taɓa ragar waje. Shi kuwa maganaɗisu, yashin hunturu yana shiga ƙarƙashinsa ya zana wa fenti zobe. Kada kuma takardar lasisi ta bar aljihun mota, domin a shingen bincike duk wanda ya ga eriya da oba-oba sai ya yi tambaya, kuma yana da hujjar yi. Ka tuna ba a yarda a yi ciniki ko a tafiyar da harkar kasuwanci a mitocin masu sha'awa ba, ko da ta gonarka ce.

Manomin Haɗeja ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zaton Malam Riwaya ya tabbata, a soket ɗin sigari na jona, kuma tun da aka ja waya daga batir kukan ya ɗauke. Kebul ɗin ma ya baje a bakin ƙofa, an sauya shi da sabon kebul samfurin RG-58. Baba ya gafarce ni, ban iya huda rufin ba, na bi ta kan kariya da eriya mai rabin zango. Awon ya sauko 1.3, kuma jiya na yi nisa sosai bayan Gezawa ina jin abokina tangaram. Saura wayar gona: wane tsawo zan yanka?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Har yanzu ina kan bakana cewa tsakiyar rufi ta fi, amma 1.3 ba abin rainawa ba ne. Da farko ka duba ko ajin lasisinka ya ba ka damar shiga gajeren zango. Idan ya ba ka, to a megahaz 7.1, wato a zangon mita 40, kowane hannu na wayar yana kusan mita 10, kebul ɗin kuma a tsakiya yake shiga. Ka yanka mita goma da rabi a kowane gefe, ka rataye ta a daidai tsayin da za ka riƙa amfani da ita, domin kusancin ƙasa yana sauya awo, sannan ka riƙa naɗe bakinta kaɗan-kaɗan, santimita biyar a kowane hannu, kana aunawa. Kada ka yanke rarar sai ka gwada ta a gonar, ba a tsakar gidanka na Kano ba.