Masu faibromayaljiya, in bar kofi da goro ko in ci gaba?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar min faibromayaljiya ce, wato ciwon jiki mai daɗewa da ke zuwa da gajiya da rashin barci, ya ɗora ni kan amitriptyline da dare, ya ce in rage kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi da shayi da goro, saboda barci. Ni kuwa malamar firamare ce, in ban sha Nescafé da safe ba, kuma ban ɓara goro bayan azahar ba, ko sunayen yaran ajina sai in riƙa mantawa. Wa ya taɓa bari? Ciwon ya ragu?

Abu Sadiq: Ki riƙe zuma da habbatus sauda, 'yar uwa.

Binta Zariya: Ni na bari, amma kar ki yanke lokaci ɗaya irin nawa. Washegari ciwon kai ya kama ni, sai da na yi kusan mako ina fama. Ciwon jikin bai tafi ba, barcin ne ya gyaru, kuma ranar da na yi barci sosai kafaɗuna ba sa min zogi kamar da. Goron yamman nan ne matsalarki, don kafeyin kan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki.

Hajiya Larai: Ku dai kun ji daɗi da aka gaya muku sunan cutar. Ni shekaru na yi ana ce min lalaci ne. Dangin miji suka ce son jiki, uwata ta ce sammu ne, aka kai ni wajen mai ruƙiyya. Gwajin jini ya fito lafiya, hoto lafiya, maigidan ya ce ga shi nan, ba abin da ke damunki. Kullum ina haɗiyar Panadol Extra don in iya girki, ashe kowace ƙwaya akwai kafeyin miligiram 65 a ciki. Dare ya yi idona biyu, gari ya waye jiki kamar an min duka. Da ya ƙaro aure, cewa aka yi ai dole, tunda ba na iya komai.

Maman Iman: Allah sarki Hajiya, Allah ya ba ki lada.

Ɗan Damagaram: Mu nan wanda ya bar shayi ai ya bar gari. Zagaye na uku ma ba mu ƙirga shi, na yara ne.

Ummi K: Akwai kofi marar kafeyin, na sayi kwalba dubu tara a Kano.

Binta Zariya: Dubu tara a wace shekara? Sha biyar na biya.

Malam Usman: Ni ma'aikacin kantin magani ne. Jikin kowa daban, wasu kofi ɗaya da safe ba ya musu komai. Maman Iman ta koma wajen likitanta kawai.

Hajiya Larai: Malam, ka taɓa kwana da ciwon nan? Sayar da magani daban, shan wahala daban.

Malam Usman: Hajiya, ban raina ki ba wallahi.

Ummi K: Tunda kana nan malam, me ya sa in na zo sayen pregabalin, maganin ciwon nan namu, da takardar likita a hannuna ake min kallon 'yar ƙwaya? Wancan watan kanti uku na zaga, wani yaro har yana tambayata wa ya aiko ni.

Malam Usman: Matasa ne suka ɓata maganin, mu ma tsoron hukuma muke.

Hajiya Larai: Su dai matasan ba su taɓa rasa shi ba. Mu masu takarda ake wa tambayoyi.